Tutocin Tebur

Tela ne ni, a bayan Kasuwar Gero.
In za a yi taron ƙasashe a Njamena
ni ake kawo wa yadi: shuɗi, kore, ja, ruwan ɗorawa,
in yanka tutoci 'yan ƙanana, ɗani ɗaya,
da ake kafawa gaban wakilai
kusa da gorar ruwan da ba sa shanyewa.

Ran Laraba Kellu ta ƙetaro daga Kuseri,
'yar ƙanwar uwata, mayafinta na ƙamshin banda.
Ta ɗaga tuta ɗaya da yatsu biyu,
ta ce: "Alifa, waɗannan da kake yi wa ado,
wa ya aike su?
Sau huɗu na dangwala yatsa a rayuwata,
ban ga hoton ɗayansu a takardar ba."

Na ce: "Shugabanni ke tura su,
ke kuma kin zaɓi shugabanni."
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya haska:
"Wato na aiki yaro, yaro ya aiki kare,
kare ya aiki wutsiyarsa,
wutsiyar ce zaune a ɗaki mai sanyi
tana rabon tabkin da ubana ya tsufa a kai
da taswirar da ba ta taɓa jiƙewa ba."

Na taka keke, ina neman amsa a ƙarƙashin allura.
Na ce: "Shekarar da fara ta rufe rana,
jirgin feshin ba na ƙasa ɗaya ba ne.
Jikanki Madu yana gudu da ƙafa biyu,
ɗigon da aka sa masa a baki
a irin wannan teburin aka yi cinikinsa.
Ko gadar da kika tako yau..."

"Gadar?" in ji ta. "Shinge uku.
Ɗari biyar, ɗari biyar, sannan jaka guda.
Takarda ta ce in wuce salin alin,
amma jandarman bai je taron ba.
Tun ina goyon Falmata ake cewa
za a jawo kogi daga kudu a shayar da tabki.
Falmata yanzu tana da furfura."

Na ce: "Kwalara ba ta nuna fasfo.
Ambaliya ba ta tsayawa a duwan.
In ba su zauna ba, wa zai zauna? Bindiga?
Gara su ɓata shekara goma kan waƙafi ɗaya
da a ɓata gari ɗaya cikin dare."

Ta yi shiru. Na ɗauka na ci.
Sai ta ce, a hankali, tana duban zaren:
"Ban ce kada su zauna ba.
Wanda ya cuce ni a kasuwa na san rumfarsa,
gobe sai in wuce shi in sayi na maƙwabcinsa.
Su ina rumfarsu?
Wace rana ce tawa, da zan ce: tashi, ya isa?"

Allurar ta karye. Ban amsa ba.
Har yau ban amsa ba.

Da la'asar ta tsince ƙyallayen da ke ƙasa,
ragowar ƙasa shida, ta ce in harhaɗa mata,
marufin kwandonta ya yage.
Na ɗinka, ban karɓi ko sisi ba.
Launin wannan ya hau kan na wancan,
ba wanda ya nemi izinin wani.

An ce a shingen farko
jandarma ya ɗaga su gaba ɗaya da bakin sanda,
ya leƙa, ya zaɓi tarwaɗa biyu masu maiƙo,
ya mayar da marufin a hankali, cikin ladabi,
ya ce ta wuce.